Kama da Wane Ba Ta Wane: Ginin Adar da Biranen Wasannin Kwamfuta

A shekarar 1962 dattawan Yama, wani gari da ke kusa da Badagishiri a gundumar Illela, suka yanke shawarar gina wa garinsu masallacin Juma'a. Ba su ɗauko injiniya daga Yamai ba. Sun danƙa aikin ga wani magini ɗan garin, wanda da damina manomi ne kamar kowa, sunansa Falke Barmu. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowane gida ya kawo gwargwadon ƙarfinsa: waɗansu suka buga tubali, waɗansu suka ɗebo ruwa, waɗansu suka shiga daji neman itace. A wannan shekarar ce kuma, can ƙasar Amurka, wasu matasa a makarantar fasaha ta MIT, Steve Russell da abokansa, suka kammala Spacewar!, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko-farko. Jirage biyu ne ke harbin juna cikin baƙin sarari mai taurari. Babu gari a cikinsa, babu gida, babu ko guntuwar katanga.

Bayan shekara 24, kowanne daga cikin ayyukan nan biyu ya kai wani matsayi. A 1986 masallacin Yama ya shiga cikin ayyuka shida da suka samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini, tare da gyaran Masallacin Ƙudus da raya tsohon birnin Mostar na ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci. A shekarar ce kuma kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da The Legend of Zelda, wasan da ya jefa yara cikin wata ƙagaggiyar ƙasa mai duwatsu da tafkuna da gidajen ƙarƙashin ƙasa, ya bar su su nemi hanya da kansu. Daga wannan zamani masu tsara wasanni suka zama magina su ma, sai dai tubalinsu haske ne bisa allon kwamfuta. Sun gina dubban garuruwa da babu su a doron ƙasa, kuma sun ƙware wajen bambanta wannan al'umma da waccan ta hanyar gidajensu. Abin lura shi ne, duk sa'ad da suka waiwayo ƙasashen Sahel, wannan ƙwarewa takan dushe, su koma buga hatimi guda ɗaya. Hatimin nan yana da tarihi, kuma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Da farko dai, ƙagaggun duniyoyin wasanni gadon Turai suka ci. Littattafan J. R. R. Tolkien da wasan tebur na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, su suka shimfiɗa tabarmar da kowa ya zauna a kai: fadar dutse mai hasumiya, ƙauye mai gidajen katako da rufin jinka mai tsini, masauƙin baƙi mai murhu. An daɗe ana maimaita wannan siffa har ta zama kamar ita ce almarar kanta. Amma da kwamfutoci suka ƙara ƙarfi, aka fara barin mai wasa ya taka cikin titi ya leƙa lungu, sai wata bukata ta taso. Mai wasa ba ya son a tsayar da shi a karanta masa tarihi. Yana son da zarar ya shiga gari, idonsa ya gaya masa su wane ne mutanen nan, me suke tsoro, wa ke mulkinsu.

Wasan da ya fi nuna yadda ake yin wannan shi ne Morrowind, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2002. Tsibiri ɗaya ne mai suna Vvardenfell, da dutse mai aman wuta a tsakiyarsa, kuma yawancin mazaunansa jinsi ɗaya ne mai harshe ɗaya. Duk da haka manyan gidajen sarauta uku da ke cikinsa kowanne da gininsa. Mutanen Hlaalu fatake ne, garinsu Balmora yana bakin kogi, gidajensu masu kusurwa huɗu ne da rufi shimfiɗaɗɗe, launinsu launin ƙasa, da gadoji da matakala ko'ina don zirga-zirgar kaya. Mutanen Redoran mayaƙa ne da ke zaune inda guguwar toka ke kaɗawa, don haka gidajensu masu ƙusumbi ne kamar bayan ƙwaro, iska ta bi ta kansu ta wuce, manyansu kuwa cikin ɓawon wata ƙatuwar ƙaguwa ta zamanin da suka yi fadarsu a Ald'ruhn. Su kuwa Telvanni matsafa ne masu girman kai, ba sa gini, shuka hasumiyarsu suke yi daga wata irin laimar kwaɗi, kuma ba sa sa mata matakala zuwa sama: wanda bai iya sihirin tashi ba, bai isa ya ga maigida ba. A gefe guda ga sansanonin dutse na daular da ta mamaye ƙasar, baƙi ƙirin a idon ƴan ƙasa, ga kuma tantunan makiyayan da suka ƙi zaman gari.

Abin da ya sa wannan tsari ya zauna a zukatan masu wasa fiye da shekara ashirin shi ne kowace siffa tana da dalili. Iska ce ta lanƙwasa rufin Redoran, ciniki ne ya shimfiɗa gadojin Hlaalu, wulakanci ne ya cire matakalar Telvanni. Duk maginin Adar da aka yi wa wannan bayani zai gane shi nan take, domin haka aikinsa yake.

To, amma yaya ƙasashen rana da rairayi suka kasance a hannun waɗannan gwanaye? Shekaru da dama, abin da ake kira garin hamada a wasanni bai wuce Bagadaza ta Dare Dubu da Ɗaya ba: ƙubba mai tsini, kasuwar darduma, dabino, ɓarayi. Daga Prince of Persia na 1989 har garin Gerudo na Zelda ta 2017, zaren ɗaya ne. Wasan Guild Wars Nightfall na 2006 ya ɗan yi ƙoƙari, ya ƙago nahiyar Elona mai larduna uku, Istan da Kourna da Vabbi, ya ɗebo daga Masar da Magrib da sauran sassan Afirka, amma ɗiba ce irin ta mai cefanen gaggawa. Far Cry 2 na 2008 ya fi ba da mamaki. Masu tsara shi sun je Kenya sun ɗauko hotunan daji da namunsa, sa'an nan suka dasa ƙauyen Dogon na ƙasar Mali a cikin wannan daji, duka a fili mai faɗin murabba'in kilomita 50, a wata ƙasa da ba a ko raɗa mata suna ba. Tsakanin Bandiagara da Nairobi akwai tafiyar da ta fi ta Paris zuwa Mosko, amma a idon wasan duk unguwa ɗaya ce.

Wasannin tarihi, waɗanda ke bai wa mutum wata al'umma ya raine ta daga ƙauye zuwa daula, su ne suka fara kiran ƙasashen Sudan ta Yamma da sunayensu. Civilization IV ya kawo Mali da Mansa Musa a 2005. Civilization V ya kawo Sanwai da Askiya a 2010, ya tsayar da shi riƙe da takobi, birni na cin wuta a bayansa, ya kuma ba shi gini na musamman da aka kwaikwayo daga kushewar Askiya ta Gawo. A 2015 aka yi wa Age of Empires II ƙarin kashi mai suna The African Kingdoms, inda mutanen Mali da na Habasha suka shigo. Nan ne hatimin ya fito fili, domin al'ummun biyu salon gini ɗaya aka ba su. Habashawan da suka sassaƙa majami'un Lalibela daga dutse guda, suka tayar da fadojin Gondar da dutse da farar ƙasa, sai ga su cikin gidaje iri ɗaya da mutanen bakin Kwara. Babban ginin da ya bambanta Mali kuwa, ba sai an faɗa ba, masallacin Jenne ne.

Jenne, kullum Jenne. Kafin a zargi masu zanen Amurka da Kanada da lalaci, ya kamata a san ba su suka fara ba. Masallacin da ke tsaye a Jenne yau an kammala shi ne a 1907, a kan kufan tsohon da Seku Amadu na Masina ya bari ya zube a ƙarni na 19. Maginan garin ne suka gina shi ƙarƙashin shugabansu Isma'ila Tarawore, a zamanin da Faransawa ke mulkin ƙasar, kuma masana sun daɗe suna muhawara kan ko akwai hannun Nasara a siffarsa. Ko ma mene ne, Faransawa sun ƙyalla ido sun ga abin da suke nema: gini mai kwarjini, mai sauƙin ganewa daga nesa, wanda za a iya bugawa a katin gaisuwa da kan sarki a ce ga Afirkarmu. A bikin baje kolin ƙasashen mallaka na Marsai a 1922 aka tayar da kwaikwayon irin wannan gini. A 1930 aka kammala wani a Fréjus, kudancin Faransa, don sojojin Afirka da ke sansani a can. Da siminti aka yi shi, aka shafa masa jan launi, tsakiyarsa kuma a buɗe babu rufi. A 1931, a babban baje kolin Paris inda aka sayar da tikiti fiye da miliyan 33, rumfar Afirka ta Yamma ta Faransa wata ƙatuwar fada ce mai siffar Jenne da Tumbutu, wadda aka rushe da an tashi daga biki.

Daga nan salon ya komo gida da sabuwar riga. Ofisoshin mulkin mallaka suka riƙa gina kasuwanni da tashoshin jirgin ƙasa da siminti cikin siffar da suka kira sabon salon Sudan, irin tashar Bobo Julaso da tsohuwar kasuwar Bamako. Wato an ɗauki ginin gari guda, an cire masa ƙasarsa da maginansa da dalilinsa, an mai da shi tambarin yanki mai faɗin da ya ninka Faransa sau da dama. Mutanen Ƙonni suna da dalilin yin murmushin takaici a nan. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, birni mai ganuwa, ta kashe jama'a masu yawan gaske, ta bar shi kango. Shekara 32 kacal tsakanin wannan ɓarna da ranar da ƙasar da ta aiko su ta gina birnin ƙasa na jabu a gefen Paris don masu yawon buɗe ido. Hotunan wancan biki da na Jenne su suka cika littattafai da kundayen ilmi, daga baya suka cika intanet. Mai zanen da aka ba wa wata uku ya ƙago birnin Afirka, abin da ya fara faɗo masa ke nan.

Alhali kuwa ginin ƙasa ba iri ɗaya ba ne, kamar yadda tuwo ba iri ɗaya ba ne. Masallacin Jenne an san shi da ginshiƙai masu fitowa daga jikin bango da sandunan giginya da suka tsiro masa ko'ina, waɗanda ake takawa ranar yaɓe. Hasumiyar Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16 aka kuma sāke ta a 1844, ita ma tana da sanduna, amma tsayuwarta dabam ce, siririya, tana tsukewa sama kamar mazubi a kife. Ginin Hausa na Kano da Zariya da Katsina da Damagaram ya bi wata hanya. Bangonsa sumul yake, kaurinsa a gindi, yana raguwa sama, an ɗora shi da tubali mai siffar ƙwai da aka mulmula da hannu aka shanya a rana. Adonsa a goshin zaure yake, inda ake zana dagi da sauran zayyana tun yaɓe na ɗanye, sai zankaye a kusurwoyi da indararo mai zubar da ruwa nesa da bango. Maganin ruwan sama kuwa makuba ce daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi yadda magini ya jingina da marini da majemi: gini ɗaya, sana'a uku.

Amma gwanintar maginin Hausa ta gaskiya a ciki take, inda idon mai kallon waje ba ya kaiwa. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cinta, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Wannan iyaka ita ta haifi dabara. Magina suka koyi jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaure su ana binne su cikin ƙasa, har hannu biyu su taso daga bango su haɗu a sama su zama bakan gizo. In aka gicciya bakuna aka ɗora tulluwa, sai a samu soro mai faɗin da ya ninka tsawon azara sau uku ko fiye, babu ginshiƙi a tsakiya. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846. Wasannin da ake kallon gari daga sama kamar shaho ba su da hanyar nuna wannan. Suna ganin zanko, ba sa ganin baka. Haka kuma ba sa ganin tsarin gida, yadda baƙo ke tsayawa a zaure, na kusa ya wuce ƙofar gida zuwa shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami, ƙofofin ma an karkata su don kada ido ya zarce. Wanda ya san matakalar Telvanni ya kamata ya gane cewa zaure ma magana yake yi, yana faɗin wa ya isa ya shiga, ina kuma zai tsaya.

Adar kuwa ba Kano ba ce, ba kuma Agadas ba, ko da yake tana da jini da kowace. Ƙasa ce ta tuddan dutse da jar marmara, waɗanda kwaruruka irin na Majiya da Badagishiri suka tsattsaga. Sarautarta ta samo asali daga Agabba, ɗan gidan sarautar Agadas, wanda ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa kuma suka zauna Illela, kamar yadda Djibo Hamani ya bi diddigi a littafinsa na 1975 kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Daga kudu ga Ƙonni da Gobir. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Abzinawan Kel Geres sun gangaro daga Abzin a ƙarni na 18, Tajaye na cikin wuraren da sarautarsu ta kafu, shi ya sa har a takardun gwamnati ake rarrabe Tajayen makiyaya da ta mazauna. A tafiyar yini guda cikin wannan yanki mutum zai wuce gidan ƙasa mai soro, da ɗaki mai jinka, da katangar da aka jera da tsurar dutse a kan tudu, da bukkar makiyayi da rugar Fulani. Ko Vvardenfell ba ta fi haka yawan iri ba.

Abin da ya fi ɗaukar idon baƙo a ƙauyukan Adar ma ba masallaci ba ne, ba kuma fada ba. Rumbunan ƙasa ne, wato ruhewa, manya-manya masu ciki kamar tulu, an ɗora su bisa duwatsu don tsare su daga danshi da gara, bangonsu siriri kamar na tukunya, da ƴar hular jinka a ka. Sukan tsaya cincirindo a gefen gari, wani lokaci su fi ɗakunan kwana tsayi. Duk wanda ya san yunwar 1973 da ta 1984 ya san dalilin da ya sa jama'a za su gina wa hatsi gidan da ya fi nasu. Da mai tsara wasa zai nemi siffa ɗaya da za ta gaya wa baƙo me mutanen nan ke tsoro, da ba sai ya je Jenne ba.

A koma Yama. Ginin 1962 mai sauƙi ne: ɗaki mai kusurwa huɗu, ginshiƙai a jere, da mihrabi ya ɗan fito waje. A 1975, da rufin ya bukaci gyara, Alhaji Falke Barmu bai tsaya ga toshe yoyo ba. Ya sāke rufin bisa bakuna, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kuma a nan ne ya yi abin da ya sa alƙalan Aga Khan suka tsaya: babu hasumiyar da ta yi kama da ƴar'uwarta. Kowace da tsayinta, da yadda take tsukewa, da ɗamarar da aka yi mata, da irin kan da aka ɗora mata. Gini guda, na gari guda, daga hannun mutum guda, ya ƙi maimaita kansa sau huɗu. Wasan kwamfuta kuwa, saboda tsimin aiki da na ƙwaƙwalwar na'ura, gida ɗaya yake zanawa ya buga shi sau ɗari. Wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Laifin yana zuwa ne in gidan nan ɗaya ya tsaya a madadin rabin nahiya.

Akwai wani bambanci da ya fi wannan zurfi. Masallacin Yama ya ɗauki shekara ashirin yana canza kama, kuma ginin ƙasa ko an ce an gama shi, ba a gama ba. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an mayar. Siffarsa mai laushi, marar kaifin kusurwa, wadda masu zane ke sha'awa, sawun tafin hannuwa ne na shekara da shekaru. Gini ne da ba ya rayuwa sai da jama'ar da ta yarda ta taru. A cikin wasa, da an biya itace da zinariya gini ya tashi, zai tsaya yadda yake har abada, in ba abokan gaba suka rushe shi ba. Ruwa ba ya cinsa, ba ya neman gayya. An ɗauki fatar an bar naman.

Adalci dai ya sa a faɗi inda aka ci gaba. A watan Agusta na 2021 aka yi wa Age of Empires III ƙarin kashi mai suna The African Royals, inda Hausawa suka shigo da sunansu, Kano ce babban birninsu, Sarauniya Amina ce jagorarsu. Akwai barade masu lifidi, akwai maharban Fulani, akwai wani soja da ake kira Maigadi, kuma in an taɓa mutanen da Hausa suke amsawa. Ba ƙaramin abu ba ne yaro ya ji harshen uwarsa na fitowa daga wasan da ake bugawa a Koriya da Barazil. Sai dai ko a nan tsohon hatimin ya bar sawu: makaɗin Hausawa an kira shi griot, kalmar da Faransawa suka yaɗa a kan jeli na ƙasar Mande, alhali ga maroƙi ga sanƙira ga mai kakaki. A Civilization VII na 2025 Amina ta sāke fitowa a matsayin shugaba, amma lokacin da wasan ya fito babu Hausawa cikin jerin al'ummunsa, sai ta riƙa mulkin biranen Aksum ko na Sanwai. Sarauniyar da ake danganta wa ganuwar garuruwan Hausa ta samu shiga, ganuwarta ba ta samu ba.

Ƴan Afirka ma sun fara gina nasu duniyoyin. Kamfanin Kiro'o Games na Yawunde, wanda Olivier Madiba ya kafa, ya fitar da Aurion a 2016, ƙagaggen labari mai tushe a al'adun Afirka. A 2024 Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Ingila mai asali da Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau bisa al'adun Bantu. Su ma jarrabawar da ke gabansu ita ce ta kowa: ko su zana wuri takamaimai da dalilansa, ko su haɗa gambizar da kasuwar duniya ta riga ta saba kira Afirka.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Tajaye da abin da ake zanawa a Montreal? Ruwansa shi ne ɗansa. Wayar salula ta shiga kowane ƙauye, matasa na taruwa inda ake cajin batir suna wasan ƙwallo da na harbi, suna kallon bidiyon wasannin da wayarsu ba ta iya ɗauka. A cikin waɗannan hotuna ginin ƙasa yakan zo ne a fuska biyu: ko dai abin al'ajabi na daular da ta shuɗe, ko kuwa matattarar talauci inda ake harbe-harbe. Babu inda yake zuwa a matsayin gidan da mutum mai hankali da wadata zai zaɓa ya gina bana. Wannan ra'ayi ya tarar da ƙasa a jiƙe. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, tana nan a yankin, kuma ɗan cirani da ya dawo daga Abijan ko Legas da ɗan abin hannu, bulo da kwano yake fara saye don a san ya dawo. Ba a ga laifinsa ba: giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, gayyar yaɓe ta yi wuya tun da majiya ƙarfi suna tafiya da rani, damina kuma takan zo da ambaliyar da ke kwantar da gidajen ƙasa. Sai dai ɗakin kwano a watan Afrilu tanda ne, kuma maginin da bai samu wanda zai gina wa baka ba, ba zai koya wa ɗansa ba. Ko Zariya ba ta tsira ba. An lulluɓe aikin Babban Gwani cikin sabon gini tun shekarun 1970, a watan Agusta na 2023 kuma wani sashe nasa ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Wanda ke son ganin cikakkiyar siffarsa ta asali sai ya je Jos, inda aka gina kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya bisa awon da Zbigniew Dmochowski ya ɗauka.

A jihar Tawa dai an gwada wata hanya. A garin Dandaji, tsohon masallacin ƙasa ya tsufa har ana shirin rushe shi a gina na siminti. Masu tsara gini biyu, Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka ba da shawarar a bar shi a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa. Da jar ƙasar wurin aka yi sabon, an matse ta da na'ura ta zama bulo, maginan gargajiya kuma suka yi aiki tare da injiniyoyi, kowa na koyo daga ɗan'uwansa. An kammala aikin a 2018 da sunan Hikma. Sabon masallacin bai kwaikwayi Jenne ba, bai ma kwaikwayi tsohon da ke kusa da shi ba: dogo ne, layukansa miƙaƙƙu, rufinsa tulluwa-tulluwa a jere. Ƙarƙashin bakunan tsohon kuwa an jera kantocin littattafai, ƴan makaranta maza da mata na shiga da rana su yi bitar darasi, saboda ya fi ajinsu sanyi.